Shafa wa mota waks a rana ko a inuwa: wane lokaci, wane wuri, wane irin waks?

Mai gareji ko rumfa ba shi da wannan damuwar. Amma masu mota da yawa a fili suke ajiye ta, kuma ranar da suka samu sararin wanke ta da gyara ta, kafin su gama haɗa bokiti da soso rana ta take. Sai mutum ya juya gwangwanin waks, wato man da ake shafa wa fentin mota don sheƙi da kariya, ya ga an rubuta a shafa a inuwa, jikin mota na da sanyi. Daga nan zaɓi ya rage nasa: ya shafa hakanan, ya jira yamma, ya nemi gindin bishiya, ko ya sayi wani irin waks da aka ce rana ba ta dame shi ba.

Ra'ayina tun daga farko shi ne, abin dubawa zafin ƙarfen motar ne. Hasken rana shi kaɗai ba ya ɓata waks. Idan aka gane wannan, sauran zaɓin duk zai zo da sauƙi.

Abin da zafi yake yi wa waks

Waks ɗin gwangwani na gargajiya, wanda yake da kauri kamar man takalmi, ginshiƙinsa wani kaki ne da ake kira kanuba. Daga ganyen wata bishiya dangin giginya ake samunsa, wadda take fitowa a arewa maso gabashin Brazil, musamman jihohin Piauí da Ceará. Ana yanko ganyen, a shanya shi, a kakkaɓe garin kakin, a tace. Kaki ne mai tauri ƙwarai, sai zafi ya kai digiri 82 zuwa 86 a ma'aunin Selsiyos kafin ya narke, alhali kakin zuma tun a wajen digiri 62 zuwa 64 yake narkewa. Saboda taurin nan ba ya shafuwa shi kaɗai. Dole a cakuɗa shi da mayuka da sinadaran narkarwa, waɗanda galibinsu daga ɗanyen man fetur ake fitar da su, don ya yi laushi ya bi soso.

Aikin sinadaran nan shi ne su ɗauki kakin su shimfiɗa shi a kan fenti, sannan su bushe a hankali su bar shi. Shi ya sa idan ka shafa ka jira 'yan mintoci za ka ga wurin ya yi fari-fari kamar hazo. A lokacin ne ake sa tawul a goge rarar, a bar wani siririn lulluɓi da ido ba ya gani, wanda shi ne yake sa ruwa ya dunƙule ya gangare.

To a kan ƙarfe mai zafi, bushewar da ya kamata ta ɗauki mintoci sai ta faru cikin daƙiƙoƙi. Soson zai fara cijewa tun kafin ka gama zagaya wurin. Waks ɗin zai taru da kauri a inda ka fara dangwalawa, ya yi ƙaranci a inda ka ƙare. Rarar da ya kamata ta fita da shafa ɗaya sai ta ƙanƙame jikin fenti, mayukan da ke ciki kuma su yi ta bin tawul suna barin zane-zane da dabbare-dabbare, waɗanda a baƙar mota ake hango su daga nesa.

Kuma zafin da ake magana ba wanda ake ji a iska ba ne. A ranar da zafin iska bai wuce digiri 30 ba, bonet ɗin baƙar mota da ta yini a rana yana iya haura digiri 70. Farar mota ko mai ruwan azurfa tana mayar da kaso mai yawa na hasken, don haka ba ta kai haka ba, kodayake ita ma tana ɗaukar zafi. A mota ɗaya ma ba daidai ba ne: rufi da bonet da murfin but, da yake suna kallon sama, su ne suka fi gasuwa, ƙofofin ɓangaren da ke bayan rana kuwa za ka iya samunsu da ɗumi kawai. Bonet yana da ƙarin wuta daga ƙasa idan ba a daɗe da kashe inji ba. Yawancin masu haɗa waks suna son a yi aiki a kan jikin da zafinsa yake tsakanin digiri 10 da 30 ko kusa da haka. Ba sai ka sayi na'urar auna zafi ba: ɗora bayan hannunka a kan ƙarfen. Idan ba za ka iya barinsa a wurin cikin natsuwa ba, waks ma ba zai zauna ba.

Akwai wata magana da ake yawan yi, wai waks a rana yana ƙona fenti. Waks ba ya ƙona fenti. Ɓarnar daga hannu take zuwa, kuma a nan ne nake so mai mota ya tsaya ya yi tunani. Fentin motocin zamani hawa-hawa ne: akwai na ƙasa mai kama ƙarfe, akwai mai launi, sannan a sama akwai wani garai-garai marar launi wanda shi ne yake ba da sheƙi, yake kuma tare hasken rana mai kashe launi. Kaurin wannan na saman yawanci maikron 40 zuwa 50 ne, wato bai kai kaurin silin gashin kai ba. Idan waks ya ƙanƙame, mutum zai danna tawul da ƙarfi ya yi ta dirza. Duk ƙwayar ƙurar da ta sauka a wurin sai ta shiga tsakanin tawul da fenti ta yi ta zana ƙananan da'irori, irin waɗanda ake gani kamar saƙar gizo-gizo idan rana ta haska baƙar mota. Waɗannan ba sa fita da wanki. Sai an sa folish an ci wani abu daga saman fentin, kuma abin da aka ci ba ya dawowa. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Wurare da lokuta

Tsakar rana a fili ita ce mafi muni, ba sai an tsawaita ba. Abin da kawai zan ƙara shi ne matsalar tana farawa tun a wajen wanki. Ruwa yana bushewa a jikin mota kafin ka kai ga tsane shi, ya bar ɗigo-ɗigon farin gishirin da ke cikinsa, wato kalsiyam da magniziyam, sabulu ma ya bushe ya bar nasa tabon. Idan ka shafa waks a kai, ka rufe tabon ke nan a ƙarƙashinsa.

Sassafe, daga wayewar gari zuwa kafin hantsi ya ɗaga, shi ne lokacin da na fi so ga wanda ba shi da inuwa. Motar ta kwana ta huce gaba ɗaya, injin ma ya yi sanyi, iska galibi a kwance take ba ta tayar da ƙura, ga haske isasshe da za ka ga inda ka tsallake. Aibinsa biyu ne. Raɓa tana kwanciya a jikin mota, kuma waks ɗin gwangwani ba ya shiri da danshi, don haka sai an wanke an tsane sosai, har da ruwan da ke maƙalewa a bayan madubi da gefen hannun ƙofa yana tsiyayowa daga baya. Na biyu, lokaci yana ƙure maka: kana aiki rana tana hawa. Dabarar ita ce ka fara da rufi da bonet da but tun da sanyi, sannan ɓangaren da ke fuskantar gabas, ka bar na yamma a ƙarshe tunda shi yana cikin inuwar motar.

Yamma tana da nata amfanin, domin kana aiki zafi yana raguwa. Sai dai mutane suna ruɗuwa da ita. Rana ta yi sanyi a fatarka ba ya nufin ƙarfen da ya yini yana shan ta ya huce, musamman idan yanzu ka dawo daga tafiya. Sai ka ba shi lokaci, kuma kana jira haske yana tafiya. Rarar waks da ba ka gani ba da almuru za ka tarar da ita da safe ta bushe ƙam. Sannan idan irin waks ɗin da ba ya son ruwa na wasu sa'o'i ne, raɓar dare tana iya sauka a kansa kafin ya kama.

Gindin bishiya yana da sanyi, amma ina ɗari-ɗari da shi. Bishiyoyi da yawa suna zubar da ɗanko ƙanana-ƙanana da ba a lura da su sai an shafa hannu, ga busassun ganye da furanni, ga kashin tsuntsaye, wanda yake cin saman fenti idan ya bushe a kan ƙarfe mai zafi. Inuwar bishiya kuma tana yawo, tana da ramuka. Idan babu wani wurin, ka duba ƙasan bishiyar tukuna: in ka ga tabon kashi ko ɗigon ɗanko a ƙasa, abin da zai sauka a kan motarka ke nan. Inuwar doguwar katanga ko ta gini ta fi ta bishiya nesa ba kusa ba, kuma ana iya sanin lokacin da za ta zo da lokacin da za ta tafi.

Gareji ko rumfa su ne gaba da kowa, in dai akwai haske da iska na shiga. Rumfar kwano mai ƙasa-ƙasa tana iya zama tanda da rana, don haka a nan ma a taɓa ƙarfen a ji. Kuma motar da aka shigo da ita daga rana tana buƙatar ta huta kafin a fara.

Irin waks ɗin da ke hannunka

A nan ne bambancin ya fi girma, domin abubuwa huɗu ne mabambanta ake kira da suna ɗaya a bakin mutane.

Na farko shi ne na kanuba, na gwangwani ko na ruwa mai kauri. Masu son mota suna ƙaunarsa saboda irin zurfin sheƙin da yake bai wa baƙi da ja da shuɗi mai duhu. Shi ne kuma ya fi kowa ƙin zafi wajen shafawa, tunda sai ya yi hazo kafin a goge. Ko bayan an shafa shi lafiya, ba ya daɗewa: makonni shida zuwa takwas, in an yi sa'a wata uku, kuma motar da ke yini a rana tana cinye shi da wuri, domin zafin ƙarfen yana kusantar inda kakin yake laushi. Ga abin da ya kamata a lura da shi: launukan da kanuba ya fi yi wa kyau su ne suka fi ɗaukar zafi. Mai baƙar mota da ba shi da inuwa, in ya zaɓi kanuba, ya zaɓi mafi wahalar shafawa kuma mafi saurin gushewa a yanayinsa. Idan kuma ya taɓa baƙar robar da ke gefen mota ko bamba marar fenti, yana barin farin tabo mai wuyar fita, zafi kuma yana ƙara tura shi cikin 'yan ramukan jikin robar.

Na biyu shi ne na haɗin sinadarai, wanda ake yi da folima, wato sinadari dangin roba da ake haɗawa a masana'anta, maimakon kakin bishiya. Yana kama fenti fiye da kanuba, yana jure zafi da sabulu, yana kai wata huɗu zuwa shida. Sheƙinsa mai kaifi ne kamar gilashi. Wasu suna cewa bai kai na kanuba daɗin kallo ba, ni kuwa a farar mota ko mai ruwan azurfa ban ga wani bambancin da zai sa a sha wahala ba. A cikin wannan rukunin ne ake samun waɗanda kamfanoninsu suka rubuta cewa ana iya shafa su a rana, kamar Ultimate Liquid Wax na Meguiar's da jerin ICE na Turtle Wax. Maganar tasu tana da tushe: an haɗa su yadda ba sa ƙanƙamewa da wuri, kuma ba sa barin farin tabo a jikin roba. Amma a fahimce ta daidai. Cewa abu yana jure rana yana nufin za ka iya goge shi ba tare da kokawa ba. Ba ya nufin sakamakon a kan bonet mai digiri 70 zai yi daidai da na inuwa. Da yawa daga cikin irin wannan kuma suna son a kiyaye su daga ruwa na kusan sa'o'i 12 kafin su gama kamawa, sai a duba jikin kwalbar.

Na uku shi ne na feshi. A fesa, a baza da tawul, a juya busasshen gefe a goge, shi ke nan. Babu jiran hazo, don haka babu lokacin da zai gasu. Shi ne ya fi yafiya idan jikin mota na da ɗumi. Wasu ma ana fesa su ne a kan jiƙaƙƙiyar mota ana tsanewa, ruwan ya sanyaya ƙarfen ya kuma taimaka wajen bazawa. Rauninsa shi ne gajeren rai: na gama-gari makonni kaɗan ne, waɗanda aka saka wa silika kuwa, wato sinadarin da ake yin gilashi da shi, suna kai wasu watanni. Masu silikar nan sun fi saurin barin zane idan aka cika su ko ƙarfen ya yi zafi sosai, don haka feshi ɗaya ko biyu ya ishi ƙofa guda. Tunda aikin bai wuce na mintoci ba, maimaita shi bayan kowane wanki biyu ko uku ba nauyi ba ne, kuma motar da ake yi wa haka a kai a kai ta fi samun kariya a kan wadda ake shafa wa kanuba sau ɗaya a shekara.

Na huɗu shi ne lulluɓin siramik na ainihi, mai zuwa a 'yar ƙaramar kwalba, wanda yake daskarewa ya zama wani tauri a kan fenti ya yi shekara biyu ko fiye. Wannan kada a kusance shi da rana, ko kaɗan. Yana da ɗan taƙaitaccen lokaci tsakanin shafawa da gogewa, zafi kuma yana rage lokacin har ya kusa ɓacewa. Duk inda ya bushe da kauri sai ya zama tabo mai duhu ko mai launin bakan gizo, kuma da zarar ya daskare babu tawul ko sabulun da zai fitar da shi, sai injin folish. Yana son wuri rufaffe marar ƙura, da fentin da aka riga aka gyara, da yini guda ba tare da ruwa ya taɓa shi ba. Ga motar da ke rayuwa a rana shi ne kariya mafi ɗorewa, amma aikin na cikin gareji ne, naka ko na ƙwararre.

A kula kada a haɗa waks da folish. Folish yana da 'yan ƙwayoyi masu cin saman fenti don share karce, waks kuwa rufi ne kawai. Akwai kwalaben da suka haɗa biyun. Su ma, da folish tsantsa, inuwa suke so, domin idan man da ke cikinsu ya bushe ƙwayoyin suna zama gari mai karce.

Wanne za ka ɗauka?

Idan kana da inuwa tabbatacciya kuma kana jin daɗin aikin kansa, ɗauki kanuba, ko ka shimfiɗa na folima a ƙasa, ya kama, ka ɗora kanuba a sama. Idan ba ka da inuwa amma kana iya tashi da wuri, na folima da sassafe shi ne zaɓin da zan ba kowa: sau biyu ko uku a shekara ya wadatar, kuma ya fi dacewa da motar da za ta koma rana bayan an gama. Idan kuwa lokacin da kake da shi ke nan, rana a sama, babu yadda za ka yi, to na feshi, ka ajiye gwangwanin sai wata rana. Mai farar mota yana da ɗan sassauci a duk waɗannan. Mai baƙa ba shi da shi.

Canza lokaci ya fi canza kwalba sauƙi, ya kuma fi ta amfani. Waks mai araha a kan ƙarfe mai sanyi zai fi mai tsada kyau a kan mai zafi.

In dole ta sa sai a rana

Ka kwarara wa motar ruwa ya kwashe zafin, amma ka yi wanki da tsanewa ɓangare-ɓangare, kada ka jiƙa ta duka ka bar rana ta busar maka. A kan gilashin da ya gasu, musamman mai ɗan tsagewa, kada ka watsa ruwa mai sanyi ƙarara kai tsaye, domin tsagar tana iya gudu. Ka juya motar yadda ɓangaren da kake aiki zai kasance a bayan rana, in ka gama ka sake juya ta. Rufi da bonet su ne ba su da mafaka, don haka ko dai ka yi su nan take bayan ruwa ya sanyaya su, ko ka bar su sai yamma. Babu dokar da ta ce sai an gama mota a zama ɗaya.

Ka rage faɗin wurin da kake shafawa zuwa kamar rabin ƙofa, ka shafa siriri sosai, ka goge kafin ka matsa gaba. Kauri ba ya ƙara kariya, abin da ya taɓa fenti ne kawai yake zama, sauran duk tawul ne zai kwashe. Idan na feshi ne, fesa a jikin tawul maimakon jikin mota, don kada ɗigon ya bushe a inda ya sauka. Ka tanadi tawul ɗin maikrofaiba, wato masu laushi da siraran zare, masu tsabta da yawa, ka ninka kowanne gida huɗu kana juyawa, wanda ya faɗi ƙasa kuma ya gama aiki sai an wanke shi. Kwalbar da soson su zauna a inuwa. Ga mai jiran hazo, gwajin yatsa yana nan: ja yatsa a kan wurin, in ya bar layi garau lokacin gogewa ya yi, in ya bar maiƙo da saura.

Idan kuma an riga an makara, waks ya ƙanƙame, kada ka dirza. Ka kai motar inuwa ta huce, ka shafa sabon waks kaɗan a kan tsohon. Sinadaran da ke cikin sabon za su narkar da busasshen, su fita tare cikin sauƙi. Ɗan feshin waks ko tawul mai ɗanshi ma yana yi. Farin da ya hau roba kuwa, burushi mai laushi da ruwan sabulu ko man wanke roba ne maganinsa.

Motoci iri biyu ba sa cikin wannan lissafin gaba ɗaya, a rana ko a inuwa. Wadda aka sake wa fenti kwanan nan tana buƙatar kwana 30 zuwa 90 kafin a rufe ta da waks, domin sinadaran fentin suna ci gaba da fita, sai a tambayi mai fentin adadin da ya dace da irin wanda ya fesa. Mai fenti marar sheƙi kuma, wanda aka yi shi dususu da gangan, waks na gama-gari yana sa masa ƙyalli dabbare-dabbare, don haka akwai nasa na musamman da ake nema.